Gishirin da Sama'ilu Ya Ɗebo

Yammaci ne irin na bazara. Rana ta gama gasa ƙasa ta koma bayan kukoki, awaki sun dawo da kansu, hayaƙin murhu ya miƙe daga gidaje ya tsaya cak don babu iskar da za ta kore shi. A gidan Sama'ilu, a wani ƙauye cikin gonakin arewa da Dawanau, matarsa Maijidda tana tsugune gaban tukunyar miyar kuka. Ta zuba gishiri, ta juya, ta ɗanɗana. Lami. Ta ƙara, ta sake ɗanɗanawa. Lami dai. Karo na uku ta cika tafin hannu ta watsa, irin zubin da ko a gidan biki sai an yi wa mai girki tsiya, amma da ta kai ludayi baki kamar ruwan zafi ta kurɓa.

Ta kira autarta Aina'u, budurwa 'yar shekara ashirin da ke ɗinki da keke a ɗakin zaure.

"Zo ki ɗanɗana mini, ko bakina ne ya mutu."

Aina'u ta kurɓa, ta daɗe ba ta haɗiye ba. Sannan ta ce a hankali, "Inna, ƙishirwa nake ji." Ta nufi randa ta sha moɗa ɗaya, ta sha ta biyu, ta sha ta biyar, uwar tana tsaye da ludayi a hannu tana kallonta.

Ana kiran magariba jifa ta farko ta sauka a kan kwanon rufi. Sama'ilu yana alwala a bakin rijiya, abin ya gangaro ya faɗi kusa da butarsa. Ya ɗauka. Ba dutse ba ne. Dunƙulen yashi ne jiƙe sharkaf, da ɓawon katantanwar ruwa a maƙale, a garin da ya yi wata biyar bai ga ɗigon ruwan sama ba. Ya kai hanci, ya ji ƙarni. Ya san wannan ƙarnin, kuma ya san inda ya baro shi. Ya cusa abin a aljihu ya tafi masallaci bai ce wa kowa komai ba.

Shi Sama'ilu manomi ne, amma da rani yakan bi motocin wake daga Dawanau zuwa kudu, ya tsare kayan masu kaya har a sauke. Shekara talatin yana wannan bin hanya, bai tara abin a zo a gani ba, sai suna guda: Mai Tsaraba. Bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. Goro ne, kwakwa ce, manja ne, ko allura ya samo sai kowane gida a unguwar ya ga rabonsa. Wasu suna gina soro, shi wannan ne soronsa, kuma yana ji da shi fiye da yadda ya kamata. A bana gwiwoyi da baya suka ce sun gaji, shi ma ya ce daga wannan tafiyar ta Kwatano ya ajiye hanya ke nan.

A can ne mota ta yi kwana huɗu tana jiran lodi. Direban, Abdulkabir, ya ce su je su ga inda ake yin gishiri, tun da zaman banza ba riba. Suka shiga ƙaramar mota, suka hau kwalekwale, suka sauka a wani fili shimfiɗe tsakanin tafki da teku, ƙasa fara fat kamar an watsa gari. Sama'ilu ya tsaya baki buɗe. Gishirin da ya sani a leda yake zuwa. Nan kuwa mata ne suke kankare fuskar ƙasa, su zuba cikin manyan kwanduna, su kwarara ruwa, abin da ya tsiyayo su dafa shi a faffaɗan tukwane cikin bukkoki masu hayaƙi har ruwan ya ƙone ya bar farin abu. Ba namiji ko ɗaya a aikin. Daga bayan tudun yashi teku tana ta numfashi, ta ja ta saki, ta ja ta saki.

Da yamma matan suka kwashe kayansu suka ɗora a ka suka tafi. A can ƙarshen filin, nesa da bukkokin, Sama'ilu ya hango tsibin gishiri guda an bar shi, an kafa sanda kusa da shi, an ɗaura mata farin ƙyalle. Ya tambayi Abdulkabir ko sun gama kwasa. Direba ya duba ya ce ai ga su can sun tafi.

To, a ƙasar su Sama'ilu, abin da mai gona ya bari bayan ya gama girbi ya ɗaure dammunansa kala ne. Tsohuwa ta tsinta, mai wucewa ya tsinta, babu mai cewa don me. Da wannan idon na manomi ya kalli tsibin, har ya yi wa matan addu'a don sun bar wa baƙo rabo. Ya buɗe buhu ya kwashe tas, kwano shida cif. Rashin sani ya fi dare duhu. Da ya iso gida Aina'u ce ta kwance bakin buhun, ta lasa ta ce wannan ya fi na kanti daɗi, ita ce kuma ta rarraba shi a ƙananan kwanuka aka kai gida goma sha bakwai. Kwana uku ke nan kafin miyar Maijidda ta mutu.

Daga ranar, gidan bai sake ganin yammaci mai daɗi ba. Da rana komai lafiya, sai dai abinci lami. Amma da inuwar katanga ta kai bakin rijiya, sai tsit ya sauko, kaji su shige akurki tun kafin lokacinsu, jifa ta fara. Ba ta da yawa, uku ko huɗu, a jere, a gajiye, kamar mai jifar ma ba don yana so yake yi ba. Bayan jifar sai a ji wani sauti daga cikin rumbun dawa, abu yana ja yana saki. Maijidda ta ce iska ce. Sama'ilu bai musa mata ba, alhali ganye ko ɗaya ba ya motsi a bishiyar darbejiya.

Aina'u ta daina ɗinki. Tana shan ruwa kamar gonar rani, amma kullum ƙara bushewa take, idanu sun faɗa, leɓe ya tsattsage. Da safe uwarta takan tarar da wani farin gari a goshinta da wuyanta, ta goge da tsumma, kafin azahar ya dawo. Ran nan Maijidda ta kai yatsa baki bayan ta goge, sai ta zauna a ƙasa. Gishiri ne. Shi ne gishiri na farko da harshenta ya ji a cikin mako guda, kuma daga jikin 'yarta ya fito.

Aka kai ta asibiti, aka yi gwaje-gwaje, aka ƙara mata ruwa leda uku. Muddin ruwan yana shiga tana samun barci, da an cire sai ta koma gidan jiya. Suka dawo da ita a bayan babur, an sa ta a tsakiya don kada ta faɗi. A daren Maijidda ta tarar da dunƙulen yashin nan a aljihun rigar mijinta, har yanzu da danshinsa. Ba ta yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Ta ajiye masa a gabansa ta ce, "Malam, in ka san wani abu ka faɗa, yarinyar nan ƙarewa take."

Kashegari ya aika aka ɗauko Malam Muhammadu Sani daga wajen Dawakin Tofa. Tsoho ne siriri mai ƙarancin magana, wanda ya shekara arba'in yana karatu a kan masu irin wannan lalura har abin ya daina ba shi mamaki. Ya iso bayan la'asar, ya nemi ruwa da ganyen magarya, ya sa aka shimfiɗa wa Aina'u tabarma a tsakar gida, ya zauna daga gefen kanta ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya yi ta yi har inuwa ta kai bakin rijiya.

Aina'u ta tashi zaune. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba. Ta miƙe ƙafafu ta dafa gwiwoyi irin zaman tsofaffin mata, ta sauke numfashi mai tsawo. Muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce, a dishe.

"Ya isa, Malam. Ina jinka. Kana ƙona ni a banza, ban zo da faɗa ba."

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"Kawo ni aka yi. A buhu, a ƙarƙashin kujerar mota, kwana uku ina jin surutun direba har na iya Hausarku. Tambayi wancan."

Hannun Aina'u ya ɗaga ya nuna mahaifinta. Sama'ilu ya sunkuyar da kai.

Muryar ta ci gaba. Ta ce ita a bakin tafkin can take tun kafin a kafa bukkar farko. Kowace shekara matan sukan tara mata tafi ɗaiɗai daga dahuwarsu, su kafa mata farin ƙyalle, a cikin tsibin take zama har ruwan sama ya zo ya narkar da shi ya mai da ita tafki. Bana tana cikin barci aka kwashe ta da ɗakinta duka.

"Ƙasarku ba ruwa. Na leƙa rijiyarku, rami ne kawai. Na gaji, Malam. Gida nake so."

"To ki fita ki tafi. Yarinya ba ta ɗauki komai ba."

"Da me zan tafi? An raba ɗakina gida-gida. Ita ta raba, shi ya sa nake tara abina daga jikinta. Akwai gishiri a jinin ɗan Adam da hawayensa. Kaɗan-kaɗan zai cika."

Maijidda ta toshe baki da gefen mayafi. Malam ya juya ga Sama'ilu ya ce, "Mu ba ma yi wa aljani yanka, ba ma roƙonsa, ba ma ba shi kyauta. Amma abin da aka ɗauka ba da izinin mai shi ba, ko na wane ne, mayarwa ake. Ka bi gidajen nan ka karɓo."

Malam ya nemi tsohuwar ta saurara wa yarinya zuwa magaribar gobe, ta ce ta ji. Aina'u ta sulale ta kwanta.

Wanda bai san Sama'ilu ba zai ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Amma a ce Mai Tsaraba ya ɗauki buhu ya bi gidaje yana cewa a dawo masa da kyautarsa, wannan lashe amai ne a tsakiyar kasuwa. Ya kwana yana juyi. Da safe har ya ce ko a aiki mata su karɓo a asirce, Maijidda ta dube shi kawai, ta dubi ɗakin da Aina'u take kwance. Ya ɗauki buhun ya fita.

Gida goma sha bakwai, sallama goma sha bakwai, kuma a kowace ƙofa sai ya maimaita bayanin da bakinsa. Wasu suka miƙo nasu ba tare da sun haɗa ido da shi ba, don su rage masa nauyi. Wasu sun riga sun cinye, wani ya ba tumakinsa lasa. Wata tsohuwa mai baki ta juye masa ragowar nata tana cewa tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin an biyo sawun tsaraba ba. Ya ce, "Haka ne, Iya," ya wuce. Kafin azahar ya ji kamar ya tsufa da shekara goma.

Gida na ƙarshe yana hayin gona, gidan Shago, Kiristocin da kakanninsu da na Sama'ilu suka yi iyakar gona tun ba a san ranar ba. Matar gidan, Leah, ta tare shi a hanya da kwanonta a rufe, ko tsinke ba ta taɓa ba, ta ce dama ajiye shi ta yi sai bikin Ista. Ta tambaye shi yadda ya samo, ya faɗa mata, har da sandar da ƙyallen.

"Ayya, Baban Aina'u," in ji ta. "Da ni ce a wurin da na riƙe hannunka. Kakanninmu ma sukan bar damin farko a gindin tsamiya, su ɗaura ƙyalle. Abin da aka yi wa alama ba kala ba ne, mai shi yana kusa." Ta juye masa a buhu, ta ce za su sa yarinyar a addu'a.

Da inuwa ta kai bakin rijiya Malam ya sake zama, tsohuwar ta sake tashi a jikin Aina'u. Aka auna a gabanta. Kwano huɗu, da ɗan abin da bai rufe gindin na biyar ba.

"Saura biyu," in ji muryar.

"An ci su cikin rashin sani," Malam ya ce. "Abin da ya shiga ciki ba ya dawowa."

"Wanda ya ci ban bi shi ba. Amma da ɗaki rabi ba zan kai damina ba. Zan cika daga nan." Hannun ya shafa wuyan Aina'u, farin gari ya zubo a kan tabarma.

A nan Sama'ilu ya yi magana, karo na farko. Ya ce zai je Dawanau yanzu ya sayo buhu guda, ko biyu, na kanti mai kyau.

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya marar ƙarfi. "Na inji? Nawa hannu ne ya kankare shi, baya ya ɗauko ruwansa, ido ya sha hayaƙinsa. Ka tsaya ka kalli matan nan rana guda kana ta mamaki, ba ka ga wahalar ba?"

Sama'ilu ya dubi 'yarsa, wadda wuyanta ya koma kamar sillen kara. Ya dubi gwiwoyinsa da ya yi wa alkawarin hutu. Ya tuna kwana uku na hanya, da shingayen jami'ai, da zaman kan buhuna. Wallahi ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

"In hannu ake so, ga nawa," ya ce. "Ni na ɗebo. Zan mai da ke, in yi aikin da hannuna har ya cika. Ki sakar mini yarinya."

"Aikin mata ne. Za su yi maka dariya."

"Yau gida goma sha bakwai na shiga ina karɓar kyautata. Dariyar me ta rage?"

Malam ya sa ta yi alkawari sau uku cewa za ta fita yanzu, ba za ta dawo ba, ba za ta taɓa kowa a gidan ko a hanya ba. Ta yi. Ta ce a yi sauri kawai, ruwan kudu ya kusa, in ya sauka babu sauran dahuwa sai baɗi. Malam ya matso da buhun kusa da ƙafar Aina'u, ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, babban yatsan ƙafarta ya karkaɗa, ta faɗi a jikin uwarta tana gumi. Sautin cikin rumbu ya ja, bai sake saki ba. Da Sama'ilu ya zo ɗaga buhun, kwano huɗun nan sai da ya sa hannu biyu.

Da asuba ya kama hanya.

Abin da ya faru a can, a taƙaice ya ba da labari daga baya. Ya samu mai yi masa tafinta, ya durƙusa gaban tsofaffin matan ya juye buhun a gindin sandar. Ba su zage shi ba. Babbarsu ta miƙa masa abin kankara da kwando, ta ce duk ranar da ya yi aiki daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, zai zuba tafi ɗaya a tsibin daga abin da ya dafa. Dariya kam sun yi, kwana biyu, sannan suka daina, har wata ta riƙa ajiye masa rogo. Ruwan gishiri ya cinye tafin hannunsa, hayaƙi ya mai da idonsa ja. Kwana ashirin da shida ya yi. A daren da kwano biyun suka cika aka yi ruwan farko, da gari ya waye babu tsibi, sai sanda da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Ya sauka a bakin titi da yamma, ya tako zuwa ƙauye da ƙafa, ba buhu, ba leda. Yaran unguwa suka hango shi suka sheƙo da gudu suna oyoyo, da suka ga hannuwansa sai suka rage gudu, suka tsaya. Ya wuce su yana jin kunyar har cikin ƙashinsa. Amma da ya kusa ƙofar gida ya ji ƙarar keken ɗinki daga zaure, tana tafiya ba tsayawa. Ya dafa katanga ya daɗe a nan yana saurare kafin ya yi sallama.

Bayan magariba Aina'u ta kawo masa tuwo da kanta, kumatunta sun dawo. Ya wanke hannu, ya gutsura, ya dangwali miya ya kai baki.

"Maijidda, yau kam gishiri ya ji."

Matar ta ajiye abin da ke hannunta. "Ban sa ba, Malam. Tun da ka tafi ban yarda gishiri ya shigo gidan nan ba."

Aina'u ta ɗaga kai ta dubi kwanon rufi. Sama'ilu ya buɗe tafin hannunsa a hasken fitila. Duk ya tsattsage, kuma a cikin kowace tsaga akwai siririn farin layin gishiri wanda alwalar kwana uku a hanya ba ta fitar ba. Su uku suka kasa kunne. Rufi bai ce komai ba, rumbu ma haka.

"Kada ku ji tsoro," ya ce. "Wannan gishirin nawa ne, daga hannuna ya fito."

Ya sake gutsurar tuwo.